Nishi da Amshi: Tsokaci a Kan Wani Tsohon Faifan Jaz

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Abin lura a cikin wannan karin magana shi ne, Bahaushe ya yarda akwai jawabin da ba ya buƙatar kalma, sannan ya ɗora nauyin gane shi a wuyan mai sauraro. Wannan maƙala za ta auna wannan magana da wani faifan kiɗa da wasu baƙaƙen fatar Amurka su biyar suka ɗauka a shekarar 1958, wanda duniya ta sani da suna Moanin', wato nishi. Babu baitin waƙa ko ɗaya a cikinsa, busa ce da kiɗa zalla, amma yau fiye da shekara sittin ke nan ana saurarensa a ƙasashen da ba su san harshen masu shi ba.

Tambayoyi biyu ne a gabanmu. Ta farko, mene ne ke jan zuciyar mutum zuwa ga kiɗan da bai ce masa komai ba? Ta biyu, wadda ta fi nauyi, shin ya dace mutum ya zauna ya ji daɗin nishin wani? Tambaya ta biyun ta fi shafar mu mutanen arewacin Yobe, daga Dapchi zuwa Gashua har Nguru, domin ba a littafi muka karanta nishi ba. Ya kamata mai karatu ya sani tun da wuri cewa wannan rubutu ba fatawa ba ne. Malamai sun daɗe da saɓani a kan hukuncin kiɗa, kuma wannan fage nasu ne. Abin da ɗalibin adabi zai iya shi ne ya duba abin da kiɗan yake yi wa zuciya, da kuma haƙƙin da yake ɗora wa mai ji.

Faifan da Masu Shi

Kiɗan jaz ya tsiro ne a birnin New Orleans da ke kudancin Amurka a farkon ƙarni na 20, a tsakanin jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A shekarun 1940 wasu matasa irin su Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka fito da salon bibof, mai tsananin sauri da sarƙaƙiya, wanda ya fi dacewa da sauraro a zaune bisa ga rawa. Zuwa tsakiyar shekarun 1950 sai wasu makaɗa suka waiwayi gida, suka ɗebo karin waƙoƙin majami'un baƙar fata da na bulus, wato waƙar ƙunci ta leburorin gonakin auduga, suka zuba su a cikin gwanintar bibof. Wannan cakuɗa ita ce ake kira had-bof, kuma faifan da muke magana a kansa yana cikin waɗanda aka fi kafa misali da su.

An ɗauki faifan a rana guda, 30 ga Oktoba, 1958, a falon gidan iyayen wani mai sana'ar gwajin ido da ake kira Rudy Van Gelder, a garin Hackensack na jihar New Jersey. Kamfanin Blue Note ne ya fitar da shi, kamfanin da Alfred Lion, wani Bayahuden Jamus da ya tsere wa mulkin Hitila, ya kafa a 1939. Jagoran ƙungiyar shi ne Art Blakey, makaɗin ganguna, mai shekara 39 a lokacin. Sauran huɗun duk 'yan birnin Filadelfiya ne: Lee Morgan, yaro ɗan shekara 20, yana busa ƙaramin kakakin ƙarfe mai maɓallai uku da ake kira turamfet, Benny Golson yana busa saksofon, wadda za a iya kwatanta ta da algaita mai kaurin murya, Bobby Timmons, ɗan shekara 22 da ya tashi a gidan malaman majami'a, yana kaɗa fiyano, sai Jymie Merritt a kan bes, wato ƙaton goge mai tsayin mutum da ake ja da yatsu.

Zamanin da suka yi wannan aiki ma abin dubawa ne. A 1955 aka kashe Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, a jihar Mississippi, kuma kotu ta sallami waɗanda aka tuhuma. A ƙarshen shekarar aka kama Rosa Parks saboda ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a cikin bas. A 1957 sai da sojoji suka raka wasu yara baƙar fata su tara kafin su iya shiga makarantar sakandare a Little Rock. Saboda haka idan waɗannan mutane suka sa wa kiɗansu suna nishi, sun san abin da suke faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Me Yake Cewa?

Idan aka kunna wa Bahaushe wannan faifai, tambayar da zai fara yi ita ce, "Me yake cewa?" Yana da hujjar yin ta. A al'adarmu kiɗa bawan magana ne. Kalangun Shata da gurmin Haruna Uji da kuntigin Ɗanmaraya duk rakiya suke yi wa harshe. Ko a inda ba a buɗe baki ba, magana tana nan a ɓoye: kalangu yana kwaikwayon hawa da saukar muryar Hausa, shi ya sa idan aka kaɗa taken mahauta ko na wani ɗan dambe, wanda ya san taken yana jin kalmomin a zuciyarsa. Haka kakaki da algaita suke a ƙofar fada, ko a Gashua ko a Nguru, kirarin sarauta suke furtawa. To, turamfet ɗin Lee Morgan ba shi da wani take a bayansa. Duk wanda ya jira a fassara masa shi, zai daɗe yana jira.

Amma akwai wata busa a ƙasarmu da ta fi kusa da wannan, ita ce sarewar makiyayi. Bafillacen da ke bin shanunsa a fadamun Haɗeja da Nguru yakan busa sarewa ba don ya wasa kowa ba, kuma babu mai yi masa kari. Wanda ya jiyo ta daga nesa da la'asar ba ya tambayar ma'anarta, amma jikinsa kan yi sanyi. Abin sha'awa, wani babban mabushin jaz, Yusef Lateef, ya bar Amurka ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 a matsayin mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma sarewa tana cikin abubuwan da ya nazarta. Shi da Ziky Kofoworola sun wallafa littafi a kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausawa a 1987. Tun kafin nan, a 1962, Lateef ya yi aiki tare da Blakey da wani makaɗi ɗan Nijeriya, Solomon Ilori, a faifan The African Beat. Ke nan hanya tsakanin faifan nan da ƙasar Hausa ba ta kai nisan da ake zato ba.

Duk da haka kada mu yi saurin cewa kayanmu ne ya dawo gida. Blakey, wanda ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullah ibn Buhaina, ya sha faɗin cewa ya zo Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940 don neman sanin addini, amma shi ɗin dai ya dage a kan cewa jaz ɗan Amurka ne, abin da baƙar fata suka gani a can ne ya haife shi. Adalci shi ne a bar musu nishinsu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mu baƙi ne a wannan zaure, kuma ladabin baƙo shi ne ya fara da sauraro.

Sirrin Amshi

To, me mai sauraro zai ji? Kiɗan farko, wanda faifan ya ci sunansa, ya kai kimanin minti tara da rabi. Fiyano ce ke buɗewa ita kaɗai da wata gajeriyar jimla mai kama da ƙorafin wanda ya gaji. Kafin ta rufe baki sai mabusa su amsa da sauti biyu tak, masu nauyi, kamar yadda jama'a ke cewa amin. Ta sake kokawa, su sake amsawa. Can gaba sai a yi musaya, mabusa su koka, fiyano ta amsa. Timmons ya ɗauko wannan tsari ne daga majami'ar da ya tashi a ciki, inda mai wa'azi ke faɗa jama'a na amsawa, amma kunnen da ya saba da jagora da 'yan amshi ba zai ji shi baƙo ba.

Bayan wannan sai a shiga fagen da kowa zai faɗi tasa. Morgan ne ke farawa, da murya mai kaifi da taƙama irin ta ƙuruciya. Da ya kai ƙarshe, Golson bai zo da sabuwar magana ba, sai ya ɗauki jimlar da yaron ya rufe da ita ya buɗe tasa busar da ita, ya juya ta, ya faɗaɗa ta. Wannan shaida ce cewa duk lokacin da Morgan ke busa, Golson saurare yake yi, bai tsaya shirya abin da zai burge jama'a da shi ba. Daga nan Timmons ya karɓa, sannan Merritt. Shi kuwa Blakey, mai ƙungiyar kuma babba a cikinsu, bai ware wa kansa fage a wannan kiɗa ba. Yana baya yana riƙe da awo, in ya ji yaro ya fara sanyi sai ya turo masa wata guguwar ganga ta ɗaga shi. Ya jira sai a wani kiɗa na gaba a faifan kafin ya nuna tasa bajintar. Haka ya rayu har rasuwarsa a 1990, ƙungiyarsa ta zama makarantar da ta yaye mabusa irin su Wayne Shorter da Freddie Hubbard da Wynton Marsalis.

Wanda ya taɓa tsayawa ya ga mata uku suna lugude a turmi ɗaya zai gane abin da ake nufi. Kowacce tana da salon da take jefa taɓaryarta, wata har takan cilla ta sama ta tafa kafin ta cafe, amma da ɗaya za ta daina jin 'yan'uwanta, da taɓare sun yi karo. 'Yancin kowacce ya rataya ne a kan sauraron sauran. Amsar tambayarmu ta farko ke nan. Abin da ke jan zuciya a wannan faifai shi ne jin mutane biyar da kowannensu ke da bakin magana, kuma babu wanda ya koka aka bar shi shi kaɗai. Ɗan Adam yana ƙishirwar wannan ko da wane harshe yake ji.

Tuhumar da Ke Kan Mai Sauraro

Sai dai tambaya ta biyu tana nan daram. Augustine, malamin Kirista ɗan ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekarar 430, ya yi mamakin yadda mutane ke zuwa gidan wasan kwaikwayo don su yi kuka a kan masifar da ba za su so ta same su ba. A ganinsa wannan tausayi na bogi ne, domin ba a nemi ɗan kallo ya kawo agaji ba, an nemi ya ji zafi ne kawai, kuma gwargwadon zafin da ya ji gwargwadon yabon da zai yi wa ɗan wasa. Tuhumar ta hau kan mai jin Moanin' sosai. Yana kishingiɗe da shayinsa, wahalar jikokin bayi ta zame masa abin hutawa.

Akwai kuma abin da ya ƙara wa tuhumar ƙarfi, wato kiɗan bai ceci masu shi ba. Lee Morgan ya yi fama da miyagun ƙwayoyi, kuma a 1972 aka harbe shi a gidan da yake wasa, yana da shekara 33. Bobby Timmons ya rasu a 1974 yana da shekara 38, bayan giya ta lalata masa hanta. Duk mai cewa fasaha magani ce, sai ya tsaya a kan waɗannan kaburbura biyu ya sake tunani. Kyan abin da wahala ta haifa ba ya wanke wahalar, kuma babu wanda ya isa ya ce gara da aka yi bauta tunda ta haifi jaz.

Masana sun ba da amsoshi. Aristotle na Girka ya ce kallon abin tausayi yana tace zuciya daga tsoro da tausayin da suka taru a cikinta. Wannan gaskiya ne, amma amfanin ya tsaya ga mai kallo, bai kai ga mai wahala ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u a kan sauraro, inda ya nuna cewa sauti ba ya zuba wa zuciya abin da babu a cikinta, yana fito da abin da ke ɓoye ne kamar yadda ƙyastu ke fito da wuta. Wannan ya fi kusa da inda muka dosa, domin ya mayar da shari'ar kan mai ji, daidai da karin maganar kurciya.

A nawa ganin, amsar tana cikin bambancin da harshenmu ya riga ya yi tsakanin ɗan kallo da ɗan amshi. Ɗan kallo yana gefe, in wasa ya tashi ya kaɗe rigarsa. Ɗan amshi kuwa yana cikin waƙar, nauyinta na kansa, in ya yi shiru ta mutu. Mu dubi zaman makoki. Wanda ya zo ta'aziyya ba ya kawo sabon labari. Kalmominsa ƙalilan ne, kuma kowa ya san su tun kafin ya furta: ya haƙuri, Allah ya ji ƙan rai, a amsa da amin. Ba su tayar da mamaci, amma gidan da ba a zo an faɗe su ba ya yi rashi biyu. Sautin nan biyu da mabusa ke mayar wa fiyano irin wannan aiki suke yi, kuma duk wanda ya saurare su da zuciya ɗaya ana koya masa inda zai tsaya idan wani ya koka.

Haka kuma nishin da ke cikin faifan ba kururuwa ba ce. An zuba shi a cikin awo mai ƙa'ida, kowane mabushi ya san iyakar gidajen da zai cika kafin ya miƙa wa na gaba, kamar yadda marubucin waƙa ke bin kari da amsa-amo. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi marsiyyoyi ga 'yan'uwanta da ƙawayenta, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, kuma babu mai cewa don ta tsaya daidaita ƙafiya baƙin cikinta ƙarya ne. Awo shi ne ke ba baƙin ciki ƙafar da zai taka ya isa ga wani. Daɗin da mai sauraro ke ji ashe daɗin ganin mutum ne ya ɗauki abin da ya isa ya karya shi, ya tsaya da shi a kan ƙafafunsa. Jin daɗin wannan girmamawa ce ga mai nishin.

Nishin da Ke Ƙofar Gida

Ma'aunin da zai raba ɗan kallo da ɗan amshi ba a cikin faifai yake ba. A daren 19 ga Fabrairu, 2018, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta 'Yan Mata da ke Dapchi suka tafi da ɗalibai 110. A kwanakin farko maganganun hukumomi sun yi ta karo da juna, har iyaye da kansu suka zauna suka tattara sunayen 'ya'yansu, kowa na faɗin tasa ana rubutawa. Ranar 21 ga Maris aka maido da fiye da ɗari daga cikinsu. Biyar sun rasu a hannun waɗanda suka sace su. Ɗaya kuma, wadda Kirista ce, aka ƙi sakinta tare da sauran, kuma 'yan'uwanta ɗalibai sun ba da labarin cewa ƙin barin addininta ne dalili.

Duniya ta kalli Dapchi na 'yan makonni, sannan ta juya ga wani labarin. Wannan shi ne kallon da Augustine ya zarga, kuma wayar hannu ta sauƙaƙa shi fiye da kowane zamani: mutum ya ga hoton uwa tana kuka, ya girgiza kai, ya shafa gilashi ya wuce. Amshi ya fi haka tsada. Shi ne a riƙa tuna biyar ɗin nan bayan an daina ambatonsu a rediyo, a tsaya wa yarinyar da ta dawo har ta koma aji ta gama, kuma a ji kukan uwar da 'yarta ba ta dawo a ranar ba kamar yadda za a ji na uwar da ake salla tare da ita. A faifan 1958 ɗan gidan majami'a ne ya koka, mai suna Abdullahi yana bayansa yana riƙe masa awo, kuma babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa addininsa kafin ya amsa.

Ba ana cewa sai wanda ya ji jaz zai iya tausayi ba. Kakanninmu da ba su taɓa ganin garmaho ba sun san gayya da gudummawa da zaman makoki, kuma sau da yawa sun fi mu amsawa. Abin da ake cewa shi ne, duk wanda ya ce kiɗan nan ya taɓa masa zuciya, sannan nishin maƙwabcinsa bai hana shi barci ba, to kunnensa ne kawai ya ji, kuma tuhumar Augustine ta tabbata a kansa.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa farin jinin faifan Moanin' ya samo asali ne daga tsarin kira da amsawa, da kuma ladabin sauraro da ke tsakanin makaɗansa. Ta kuma nuna cewa jin daɗin irin wannan fasaha yana zuwa da bashi, wanda ba a biyan sa da tafi. Ga ɗalibanmu masu sha'awar rubuta waƙa da ƙagaggen labari, darasin a fili yake. Yankinmu cike yake da abin rubutawa, kuma jarabar mayar da hawayen mutane kayan ado tana da ƙarfi. Kafin marubuci ya ɗauki alƙalami a kan Dapchi, ya fara yin abin da Golson ya yi wa Morgan: ya saurara har mai magana ya kai aya, sannan ya fara tasa daga inda wancan ya tsaya. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar da na nesa gida, ya sa mu cikin masu amsawa.